Tsaga

Masu aikin gilashi da alminiyam a Kafanchan, kamar takwarorinsu na Kaduna da Jos, sukan ce za su yanka gilashi, mu ma da muke kai musu aiki haka muke faɗa, alhali kuwa duk wanda ya tsaya ya zuba wa hannunsu ido zai ga babu yanka a cikin al'amarin ko kaɗan. Abin da ake yankawa, nama ne ko yadi ko katako, kaifi ne ke ratsa shi daga wannan gefe ya ɓulla wancan. Shi kuwa mai gilashi sai ya kwantar da fallen a kan tebur mai shimfiɗa, ya aza rula, ya ɗauko ɗan ƙarfen nan da suke kira dayamon, ko da yake yawancin na yanzu babu lu'ulu'u a bakinsu sai wata 'yar taya mai tauri, ya tsoma bakin a kananzir, ya ja layi guda ɗaya tak daga gefe zuwa gefe, layin da zurfinsa bai kai kaurin gashi ba. Sa'an nan ya kawo layin daidai bakin tebur ya danna, sai ka ji ƙas, falle ɗaya ya zama biyu. Dayamon hanya kawai ya nuna. Abin da ya bi hanyar ya raba gilashin, shi ne tsaga.

Kalmar nan ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, domin Bahaushe yana da tsaga iri biyu, amma suna ɗaya ya raɗa musu. Akwai wadda ake yi da niyya, da ƙwarewa, a wurin da aka zaɓa: tsagar gado da wanzami kan yi wa jariri, wadda a da, kafin takardar shaida da hoto, ita ce ke faɗa wa baƙo a kasuwa cewa wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, wadda kuma akan yabe ta a fuskar budurwa kamar yadda akan yabi wushirya. Daga cikin irinta akwai tsagar riga da ta zane, da tsage gaskiya, wanda shi ma aiki ne na mai gangan da ya san inda zai sa kaifi. Sa'an nan akwai wadda ba a gayyace ta ba, tsagar ƙasa da rani, da ta dunduniya da hunturu, da ta bango, wadda magabata suka ce sai ta auku ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta farko ado ce da asali, ta biyu aibi ne da farkon rushewa. Akwai ma kifi mai haƙora da masunta ke kira tsage, amma wannan sai mu bar shi a kogi, don ba shi da mazauni a cikin falon kowa.

To, mai gilashi wanzami ne a sana'arsa, domin iyakar hikimarsa ita ce ya kama tsaga ta biyun nan, mai zuwa ba sallama, ya mai da ita ta farko, ta bi inda ya ce ta bi, ta tsaya inda ya ce ta tsaya. Shi ya sa ba ya maimaita layi, don layi biyu shawara biyu ce, tsaga kuwa idan aka ba ta zaɓi sai ta ɗauki wanda ba a so. Shi ya sa kuma ba ya jan layi ya tafi salla ya dawo, don masu sana'a sun ce tun tana sabuwa ake karya ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne sha'awar da ta shiga wasu samarinmu ta ajiye kifi a akwatin gilashi, ba don ci ba, don kallo. Kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol ba baƙon abu ba ne a ƙasar Jama'a, amma wancan neman kuɗi ne, wannan kuwa neman nishaɗi, kuma tun da sabon gilashi mai kauri ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta, sai ka ga yaro ya nufi wurin 'yan gwangwan, ko ya yi sautu Panteka ta Kaduna, ya dawo da falle daga cikin mataccen firji, ko saman tebur na wani ofis, ko ɓarin ƙofar kanti, gilashi mai kauri, garai-garai, gefensa sumul ba ya yankan hannu. Murna ta cika shi, ya kai wa mai alminiyam ya ce, "Ranka ya daɗe, a rage mini inci huɗu." Idan ya yi sa'a ya tarar da maigidan, zai ga ya juya fallen ya dubi kusurwa, ya shafa gefe da yatsa, ya miƙo masa abinsa ya ce, "Samari, wannan tamfad ne, ba ya yankuwa." Idan kuwa sabon yaron shago ya tarar, to, za a ja layi, a kawo bakin tebur, a danna, gilashi ya ƙi, a ƙara ƙarfi, sai a ji tas, kafin a ƙifta ido babu falle babu dalilinsa, sai tsakuwar gilashi dubbai a tebur da ƙasa da cikin takalmin kowa.

Sababin haka yana cikin yadda aka yi shi. Gilashi na yau da kullum, idan ya fito daga wuta, a hankali ake barinsa ya huce, ciki da waje tare, har ya zauna babu wani sashe nasa da ke jan wani. Wannan kuwa, bayan an gama yanka shi da goge gefensa, sai a mai da shi tanderu a gasa shi har zafi ya haura digiri 600 a ma'aunin Selshiyos, ya fara laushi, sa'an nan a fito da shi farat ɗaya a hura masa iska mai sanyi ta fuska biyu. Fatar waje ta daskare nan take tun ciki yana da taushi. Da cikin ya zo hucewa ya nemi ya tsuke, bisa ga ɗabi'ar kowane abu mai zafi, sai ya tarar fata ta riga ta ƙage, ya yi ta janta ciki, ita kuma ta ƙi sakinsa, a haka suka sandare, fata a matse, ciki a ɗame, har abada. Tun da kowace tsaga daga fata take farawa, fatar nan kuwa a matse take, duk ɗan rauni da ya nemi buɗe baki sai matsin ya rufe shi, shi ya sa ƙarfinsa ya ninka na ɗan'uwansa mai kauri ɗaya sau 4 ko 5. Amma fatar ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 5 na kaurin gilashin ta kowace fuska ba, kuma ranar da wani abu ya huda ta ya taɓa cikin da ke ɗame, duk ƙarfin da aka ɗaure tun ranar gashi sai ya kwance lokaci guda, tsaga ta ruga da gudun da ya kai kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, tana rassa, rassan suna rassa, har ba a bar guntun da ya kai kan yatsa ba. Idan aka yarje mini in sa masa suna, horarren gilashi zan ce, domin wuta da iska sun hore shi, horon kuma ya kama shi har ya zama ba ya jin wani bayan wannan.

Turawa sun ga wannan abin al'ajabi tun kafin su san amfaninsa. A shekarar 1660 Yarima Rupert ya kai wa Sarki Charles na II na Ingila wasu ɗigogi na gilashi da aka ɗiga a ruwan sanyi suna narke, kowanne da kai mulmulalle da doguwar wutsiya siririya. Ka sa guduma ka daki kan, ba zai fashe ba, amma ka ɓalle ƙarshen wutsiyar da farce, sai duka ya zama gari a tafin hannunka. Sarki ya miƙa su ga masanan Royal Society, Robert Hooke ya yi bayaninsu a littafinsa Micrographia na 1665, daga nan suka yi shekaru fiye da 200 suna abin wasa da ba'a a hannun masu hali, har 1874, sa'ad da wani Bafaranshe, Royer de la Bastie, ya karɓi takardar mallakar fasaha ta tsoma gilashi mai zafi a cikin mai don ƙara masa ƙarfi. Yin sa da iska ya zo daga baya, mota kuma ita ta yaɗa shi duniya, don an ga gara taga ta zama tsakuwa da ta zama wuƙaƙe.

Hukuncin da ke fitowa daga wannan duka shi ne na tartibi: yanka, da huda, da gugar gefe, wajibi ne a gama su kafin wuta, domin bayanta ƙofar gyara ta rufe. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar Bature ya koya musu wannan. Wanda ya je gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya dubi kawunan yumɓu na Nok, garin da ke ƙasar Jaba nan kusa da mu, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, ko ya dubi hoton shahararren kan nan da ake jingina wa Jama'a, wanda aka ce wani ya kafa shi a gonar doya don korar ɓarna kafin ya isa hannun Fagg, zai ga ƙwayar ido a huje, hanci a huje, baki sau da yawa a buɗe. Magina na fiye da shekaru 2,000 da suka wuce sun yi hujin nan tun yumɓu yana ɗanye, kuma ban da kyan da ya ba fuska, ya zama mafitar tururi sa'ad da ake gashi, don kada kai ya fashe a wuta. Kuzar ma da ta tono su tana da hannu a zancenmu. Hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi da Lafiya, ta yi reshe a Kafanchan zuwa Jos a 1927, ta mai da garin mararraba, kuza tana cikin kayan da take ɗauka. Tun 1959 kuwa, da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana sabuwar dabararsa, kusan duk fallen gilashi na duniya a kan tafkin narkakkiyar kuza ake malala shi, ya kwanta sumul kamar yadda ba hannun da zai iya goge shi.

Yaya mutum zai gane horarre tun bai yi asara ba? Masana'anta sukan buga ɗan hatimi fari a kusurwa, amma ba kullum ba, kuma wani ya goge. Gefe mai santsi alama ce, ba hujja ba ce. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tabarau, irin na rana mai kashe ƙyalli: a sa shi, a ɗaga fallen a gaban farin allon kwamfuta ko sararin sama, a riƙa juya shi, idan horarre ne za a ga dabbare-dabbare ko ratsi-ratsi masu duhu, sawun bakin bututun da suka hura masa iska, irin wanda direbobi masu tabarau kan gani a gilashin bayan mota. Tagogin mota kuwa, ko da sun fi komai arha a wurin 'yan gwangwan, ba su da amfani ga mai akwati, don a lanƙwashe suke, ba sa haɗa kusurwa. Na gaba kuma wani jinsi ne dabam, falle biyu da leda a tsakani.

Na san ana yawo da hotunan bidiyo a waya na masu da'awar sun yanka horarren gilashi da almakashi a cikin ruwa, ko da zare da wuta, ko da injin guga. Galibin abin da ake nunawa gilashi ne na yau da kullum ko kwalba. Iyakar abin da zai yiwu shi ne a goge ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga gefe, da ruwa da haƙuri, wannan ma cin fatar nan ne da ke tsare shi, kuma falle na iya yin shiru yau ya fashe wata mai zuwa. Hanya ɗaya ce sahihiya, watau a mai da shi tanderu, a gasa shi ya haura digiri 500, a bar shi ya huce a hankali awa da awanni, sai horon ya warware, ya karɓi tsaga kamar kowane gilashi. Amma fa a lokacin ya rasa ƙarfin da aka so shi dominsa, kuɗin wuta kuma ya sayi sabo. Masagan Bida, da suka gaji narka kwalabe su yi munduwa da dutsen wuya, sun san wuta tana shafe duk abin da wuta ta rubuta, sai dai su ba falle suke nema ba. Wani lokaci ma horarren gilashi ba a taɓa shi ba yake fashewa, ana zaune a falo a ji tas, a yi ta zargin kambun baka ko mutanen ɓoye, alhali wata ƙwaya ce ta nikel da farar wuta, wadda ido ba ya gani, ta maƙale a ciki tun daga masana'anta, ta yi shekaru tana kumbura.

Sai mu zo ga ruwa, wanda yawancin masu farawa ke raina wa nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Akwati mai tsawon santimita 100, faɗi 40, zurfi 50, lita 200 yake ci, watau nauyin buhun masara biyu, ban da yashi da duwatsu, kuma turin da ruwa ke yi wa bango zurfi ne ke ƙara shi, ba faɗi ba, don haka dogon akwati marar zurfi ya fi gajere mai zurfi aminci. Kowane irin gilashi da yadda yake gazawa a gaban wannan nauyi. Na yau da kullum yakan tsage layi ɗaya, sau da yawa ya fara da yoyo, ya ba mai gida damar neman bokiti, amma idan ya ɓalle yakan bar kaifi mai raba jijiya, abin tsoro a gidan da ke da yara. Horarre ya fi jure duka a fuska, gutsattsarinsa ba sa kisa, amma gefensa da kusurwarsa su ne lagonsa, kuma ba ya gargaɗi: ranar da ya tafi, da shi da ruwa da kifi duk a ƙasa za a same su. Masana'antun Amurka sukan sa shi a gindin manyan akwatuna, su manna takarda cewa kada a huda.

Ni a ganina ba a hana yaro amfani da abin da ya tsinta ba, sai dai a juya masa mas'alar. Ya saba ya zana akwati a takarda sa'an nan ya nemi gilashin da zai bi zane. A nan kuwa gilashi ne asali, akwati far'i. Idan ya sami falle biyu na firji ɗaya, masu awo ɗaya, ga gaba da baya sun samu, tsawonsu da tsayinsu su ne hukunci, sai a yanko gefe biyu da gindi daga gilashin da ke yankuwa, kuma tun da na firji bai cika kauri ba, a bar ruwan ya zama marar zurfi. A goge bakin kowane falle da sifirit, a haɗa da silikon tsantsa, mai warin tsami da ke hawa kai, a guji wanda aka yi don banɗaki, domin an sa masa maganin fumfuna, maganin nan kuwa dafi ne ga kifi. A bar shi kwanaki ya bushe, a cika shi a tsakar gida tukuna, ba a kan kafet ɗin Hajiya ko na Mama ba, a shimfiɗa soso siriri a ƙarƙashinsa, don ƙwayar tsakuwa ɗaya tsakanin gindi da tebur ta isa ta gama da shi.

Mai tambaya zai ce, duk wannan wahala don me? Sha'awar tsohuwa ce ƙwarai. Duk wanda ya zauna tafsirin watan azumi ya ji ƙissar Bilkisu a Suratun Namli, aya ta 44, yadda aka ce ta shiga fadar Annabi Sulaimanu, ta ga daɓen ta zaci ruwa ne mai zurfi, ta kware tufafinta za ta ratsa, sai aka sanar da ita gilashi ne. Jalalaini kuwa, wanda malamanmu suka fi karantawa, ya yi sharhi cewa a ƙarƙashin gilashin ruwa ne mai gudana, da kifi a cikinsa. Maƙwabcinsa da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ko a Kagoro ko a Kwoi ko a Zonkwa, shi ma ya tarar a Ru'ya ta Yohanna, sura ta 4, da wani abu mai kama da teku na gilashi a gaban kursiyi. Littattafan biyu duk sun haɗa gilashi da ruwa a wurin da suke siffanta mulkin da ya fi ƙarfin hankali. Abin lura a ƙissar sarauniya shi ne, mace ce mai basira, wadda ta iya shawara da fadawanta ta kuma iya gwada sarki da kyauta, amma daɓe ya ruɗe ta, domin ba ta ga tsaga ko mahaɗi ko ƙura ba. Gilashi ba a ganinsa sai ta aibinsa, wanda ba shi da aibi kuwa sai a ga abin da ke bayansa kawai.

Talaka bai sami rabonsa daga wannan kallo ba sai a kwanan baya. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan, a 1854 Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya sa sha'awar ta bazu a gidajen Ingila, amma akwatunan zamanin da firam na ƙarfe ake yin su, ana liƙe su da ƙulli mai yoyo, sai a shekarun 1960 silikon ya sa mutum zai iya haɗa falle biyar a ɗakinsa ba tare da maƙeri ba. Kafin haka, mu dai daga sama muka san kifi, inuwa ce ta gilma a ƙarƙashin ruwan Matsirga, ko kuwa a kwance a faranti. Shi ne ke kallonmu, kamar yadda karin magana ya tabbatar wa mai jar koma. Ganinsa ta gefe, ido da ido, yana numfashi yana sha'aninsa, abu ne da kakanninmu masunta, duk da saninsu da ruwa, ba su taɓa samu ba.

Abin da ya rage shi ne me za a zuba a ciki. Yawanci jan kifin nan na ƙasar Sin ake nema, mai yawan ci da yawan ɓata ruwa, wanda ƙaramin akwati ke ƙuntata wa, alhali a ƙoramu da kududdufan tsakiyar Nijeriya akwai wani ɗan kifi mai tsawon kimanin santimita 6, namijinsa shuɗi-kore da ɗigo-ɗigon ja da rawaya a bakin wutsiya, wanda masana ke kira Fundulopanchax gardneri. Masu kiwonsa a Jamus da Amurka da Japan suna bambanta zuriyarsa da sunan inda aka kamo kakanninta, wannan Makurɗi, wannan Lafiya, wannan Jos, ba sa yarda su gauraya jini, suna aika wa juna ƙwansa ta gidan waya. Sunayen tashoshin jirginmu ke nan a manne jikin akwatunan mutanen da ba su taɓa taka ƙasar nan ba. Lita 40 ta ishe shi, tsutsar sauro ce abincin da ya fi so, ba ya bukatar na'urar ɗumama ruwa a yawancin watannin shekara a nan. Aibinsa ɗaya, gwanin tsalle ne, ɗan ramin da yatsa zai shiga ya ishe shi fita, saboda haka ba a barin akwatinsa a buɗe ko na dare ɗaya, kuma murfi mai nauyi ya fi, musamman a gidan da ake kiwon kyanwa.